Ɗaura wa Moto Linzami: Yadda Ake Tsayar da Injin Sassaƙa Ƙarfe

Gabatarwa

A Tudun Jukun da sauran unguwannin Zariya da ke da masu walda da kanikawa, injin sassaƙa ƙarfe babban jari ne. Shi ne injin da ke damƙe ƙarfe a bakinsa yana juya shi, ma'aikaci kuma yana feƙe shi da wuƙa har ya fito da siffar da ake bukata. Galibin manyan injinan nan moto mai layi uku ke jan su, alhali kuwa wutar da ke shiga ƙananan shaguna mai layi ɗaya ce, bolt 230. Wannan ne ya sa wasu ke sayen na'urar da masu sana'a ke kira VFD, wadda za mu kira linzami a wannan maƙala. Abin da akan fi tambaya shi ne yadda linzami zai tayar da injin. Mu kuwa muna ganin tsayarwa ta fi tayarwa muhimmanci, domin a kanta hannun ma'aikaci ya rataya.

Aikin Linzami

Wutar Nijeriya mai kai-komo ce, tana bugawa sau 50 cikin daƙiƙa guda. Gudun moto kuwa yana bin wannan bugu ne sau da ƙafa. Alal misali, moto mai sandunan maganaɗisu huɗu yakan yi juyi kusan 1,440 a minti, ba shi da ikon ƙarawa ko ragewa. Linzami yakan karɓi wutar ya mayar da ita miƙaƙƙiya irin ta batir, ya tara ta a cikin kafasitoci a kan kimanin bolt 325, sa'an nan ya sake yayyanka ta zuwa layi uku bisa yawan bugun da aka umarce shi. In ya rage bugu, moto ya rage gudu. Sai dai linzamin da ke shan bolt 230 abin da ya sha shi yake bayarwa. Don haka moton da aka rubuta wa 230/400 dole a sake ɗaurin wayoyinsa zuwa ɗaurin kusurwa uku, watau delta.

Ina Ƙarfin Juyi Yake Tafiya?

Bakin injin da ƙarfen da ya damƙa suna da nauyi, kuma duk abu mai nauyi da ke juyi yana ɗauke da ƙarfi. In aka ninka gudu sau biyu, ƙarfin nan yakan ninku sau huɗu. Tsayar da injin ke nan ba kome ba ne illa samar wa wannan ƙarfi wurin zuwa. Hanyoyin kuwa huɗu ne.

Ta farko, a saki moto ya yi ta juyi har ya gaji don kansa. Ta biyu, linzami ya riƙa rage bugu sannu a hankali cikin daƙiƙoƙin da aka ƙayyade masa. A nan moto kan rikiɗe ya zama janareta, yana mayar da wuta cikin kafasitoci. In aka matsa masa ya tsaya da gaggawa, wutar kan haura wajen bolt 400, linzami ya kashe kansa don kada ya ƙone, ya bar injin yana juyi ba birki, daidai lokacin da ake bukatar birkin. Ta uku ita ce maganin wannan: a ɗaura wata waya mai jure zafi, irin ta hita, a ƙafafun da aka tanadar mata, domin ta ƙone rarar wutar. Kowane linzami yana da mafi ƙarancin awon da zai iya ɗauka, yana nan a littafinsa, kuma ba a yin ƙasa da shi. Ta huɗu, a zuba wa moto miƙaƙƙiyar wuta ta riƙe shi a ƙarshen juyi. Wannan tana zafafa moto, don haka ba a tsawaita ta.

Ɗaurin Wayoyi

Ƙa'ida ta farko ita ce wayoyi uku su tashi daga linzami zuwa moto kai tsaye, ba makunni ko kontakta a tsakani. Tsohon hannun da ke juya injin gaba da baya sai a cire shi daga babbar wuta. Buɗe shi injin yana cikin gudu na iya lalata linzamin, kuma yana raba moto da birkinsa. Sai a mayar da wannan hannu kan ƙananan ƙafafun umarni, waɗanda galibi bolt 24 ke bi ta cikinsu.

Ƙa'ida ta biyu, maɓallin tsayarwa ya kasance irin wanda ke haɗe kullum, dannawa ce ke raba shi. Hikimar ita ce, in ɓera ya ci wayar ko ta tsinke, injin tsayawa zai yi. Da akasin haka aka ɗaura, ba mai sanin maɓallin ya mutu sai ranar tsautsayi.

Ƙa'ida ta uku ta shafi ɗauke wuta, abin da aka saba da shi tun zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa bayan da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu a 2013. In wuta ta tafi, birkin linzami ya tafi tare da ita. Saboda haka injin da ke da birkin ƙafa kada a cire shi, sai dai a haɗa shi da umarnin da ke sa linzami ya saki moto. Har ila yau, a saita linzami kada ya tayar da injin don kansa in an dawo da wuta, domin a lokacin watakila hannun yaron shago yana bakin injin.

Hukumar IEC mai mazauni a Janeba, a ƙa'idarta mai lamba 60204-1, ta yarda da iri biyu kawai ga jan maɓallin gaggawa: ko a yanke wuta nan take, ko a taka birki tukuna sa'an nan a yanke.

Hattara

Ba kowane injin ke son tsayawar farat ɗaya ba. Tsofaffin injina da yawa bakinsu ɗaurin noti ne, murɗa shi ake yi a kan sanda. In sanda ta tsaya kwatsam, bakin na iya ci gaba da juyi ya kwance, ya faɗo wa ma'aikaci da nauyinsa duka. Ga irin waɗannan sai a fara da dogon lokaci, a riƙa ragewa ana gwaji da ƙarfe mafi nauyi da ake sassaƙawa. Daɗin daɗawa, kafasitoci kan riƙe wuta mai kisa bayan an kashe makunni, don haka a jira mintocin da aka rubuta a jikin na'urar, a kuma auna da mita kafin a sa hannu. Wayar ƙasa ta zama dole ga moto da linzami da gangar jikin injin.

Kammalawa

Mai shagon da ya kira ma'aikacin lantarki ya ɗaura masa linzami, kada ya sallame shi don ya ga injin yana juyi. Ya sa a gwada abu uku a gabansa: a danna maɓallin tsayarwa da ƙarfe a baki, a cire wayar maɓallin, a kuma kashe wuta a dawo da ita. In injin ya tsaya a biyun farko, kuma bai tashi don kansa ba a na uku, to aiki ya yi.