Yadda ake sarrafa kwamfuta daga nesa, da abin da ke faruwa idan linzamin ya faɗa hannun wani

Da yammacin ranar 23 ga Disamba, 2015, wani ma'aikaci a ɗakin kula da rarraba wutar lantarki na kamfanin Prykarpattyaoblenergo, a yammacin Yukren, ya ga 'yar kibiyar da ke kan allon kwamfutarsa tana tafiya da kanta, alhali hannunsa bai taɓa linzami ba. Kibiyar ta nufi makunnin wata ƙaramar tashar wuta, ta kashe shi, ta wuce ta gaba. Da ya yi yunƙurin ƙwace ikon na'urar, sai aka fitar da shi, aka kuma sauya kalmar sirrinsa. A ranar, kamfanonin rarraba wuta uku aka kai wa hari, gidaje da wuraren sana'a kimanin 225,000 suka shiga duhu a tsakiyar hunturu.

Abin da ya motsa kibiyar nan fasaha ce da ma'aikatan ofisoshi ke amfani da ita kullum, wato sarrafa kwamfuta daga nesa. Kwamfutar da ake sarrafawa takan ɗauki hoton abin da ke kan allonta, ta matse shi, ta aika wa ta biyu ta intanet. Ita kuma ta biyun takan mayar mata da duk harafin da aka danna da duk motsin linzami. Don kada data ta ƙone a banza, ɓangaren allon da ya canza kaɗai ake sake aikawa. Fayiloli da manhajoji suna nan inda suke. Hoto da umarni ne kawai ke kai-komo, amma wanda ke nesa yana da iko daidai da na wanda ke zaune a kan kujerar.

Kamfanin Microsoft ya fito da tsarinsa, RDP, a 1998, kuma har yau yana cikin Windows. Kusan lokaci guda wasu masu bincike a birnin Kambirij na Ingila suka ƙirƙiro VNC. Daga baya TeamViewer ta zo a 2005, AnyDesk a 2014, dukansu daga Jamus. Akwai bambanci mai muhimmanci a tsakaninsu. RDP yana buƙatar a buɗe masa ƙofa, mai lamba 3389, kuma masu kutse kan yini suna laluben intanet don gano kwamfutocin da suka bar ta a buɗe, su yi ta gwada kalmomin sirri har a dace. Su kuwa TeamViewer da AnyDesk, kwamfutocin biyu ne kowace ke kiran uwar garken kamfanin daga ciki, a haɗa su a can. Shi ya sa katangar tsaron ofis ba ta cika tare su ba, shi ya sa kuma 'yan damfara ke son su: ya isa a kira mutum da sunan ma'aikacin banki, a sa shi ya sauke manhajar, ya karanto lambar da ta bayyana.

A Yukren maharan ba su yi gaggawa ba. Watanni kafin ranar suka aika wa ma'aikata saƙonnin imel ɗauke da takardu masu cutar BlackEnergy. Da suka samu shiga, suka zauna suna nazarin tsarin, suna tattara sunaye da kalmomin sirri, har suka kai ga hanyar da injiniyoyi ke bi su shiga na'urorin tashoshi daga wajen ofis. Hanyar ba ta neman wata shaida ta biyu bayan kalmar sirri, kuma nan ne gizo ya yi saƙarsa. Bayan sun kashe wutar, suka goge bayanan kwamfutoci, suka cika layin wayar kamfani da kiran bogi don kada kukan jama'a ya isa. Abin da ya ceci garuruwan tsohon yayi ne: ma'aikata suka shiga mota, suka je tashoshin, suka kunna da hannu, wuta ta dawo cikin sa'a ɗaya zuwa shida. A Oktoban 2020 Amurka ta tuhumi jami'ai shida na hukumar leƙen asirin sojan Rasha kan hare-hare da suka haɗa da wannan.

Ba sai gwamnati ba. A Indiya, hukumar bincike ta CBI ta bankaɗo yadda aka yi maguɗi a jarrabawar shiga makarantun injiniya ta JEE Main ta 2021: ɗalibi na zaune gaban kwamfuta a wata cibiya a Sonipat, jihar Haryana, wani gwani yana amsa masa tambayoyin daga wani wuri. Mai sa ido zai zagaya zaure bai ga takarda ko waya ba. Wannan batu ya shafi Najeriya kai tsaye, tunda tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawar UTME kacokan kan kwamfuta, kuma cibiyoyi masu zaman kansu ne ke ɗaukar kaso mai yawa na ɗalibai. Binciken aljihu a bakin ƙofa ba ya maganin wannan irin satar amsa. Sai an binciki abin da aka girka a cikin na'urorin da kuma inda wayoyinsu suka nufa.

Hana fasahar ba mafita ba ce, domin da ita ake gyara na'urorin bankuna da asibitoci ba tare da an jira injiniya ya taso daga wani gari ba. Matakan kariyar sanannu ne, kuma ba su da tsada: rufe ƙofa ta 3389 daga intanet, neman shaida ta biyu, da sabunta manhaja a kan lokaci. A Mayun 2019, da aka gano ɓarakar BlueKeep a cikin RDP, haɗarin ya kai Microsoft ta fitar da gyara har ga Windows XP, wadda ta daina kulawa da ita tun 2014.

Ga duk hukumar da ke riƙe da bayanan jama'a, ta zaɓe ce ko ta albashi, akwai abin da ya fi alƙawarin “na'urorinmu ba su kutsuwa” amfani, shi ne rajistar shiga. Kowace haɗuwa daga nesa takan bar sawu: sunan asusun da ya shiga, adireshin intanet ɗin da ya fito, da lokacin. A 2017, ƙin bin umarnin kotu na buɗe uwar garke da irin wannan rajista yana cikin dalilan da Kotun Ƙolin Kenya ta kafa hujja da su, ta soke zaɓen shugaban ƙasa.