A Shagari Kwatas: Gidan da Gwamnati ta Fara, Mazauna Suka Ƙarasa

Da wuya ka shiga babban gari a Arewacin Najeriya ba ka ji an ambaci Shagari Kwatas ko Lokos ba. Wadda nake magana a kanta tana gefen wani birni ne, a kan hanyar fita, ko da yake yanzu gari ya cim mata har ya wuce. Tsofaffin unguwar sun ce lokacin da aka gama ta gonakin gero ne suka kewaye ta, gidajen kuma jere reras, fasali ɗaya, fenti ɗaya, har yaro kan ruɗe ya faɗa gidan maƙwabta. Yau sai ka ƙure layi guda ba ka ga gida biyu masu kama da juna ba.

A gidan wani tsohon malamin firamare, wanda yara da manya ke kira Baba Malam, ana iya ganin yadda aka yi hakan ta faru. Abin da gwamnati ta damƙa masa ciki ne da falo, da ɗan kicin, da banɗaki. Babu katanga, babu zaure. In uwargida ta fito shara ko wanke-wanke, duk mai wucewa yana kallonta, in baƙo ya yi sallama kuma babu inda za a sauke shi sai cikin iyali. Don haka zana ya fara kafawa. Da hali ya samu ya maye ta da bulo, ya fitar da zaure, ya kewaye tsakar gida inda za a ɗora murhu, domin kicin ɗin da aka zana a takarda ba zai ɗauki tukunyar tuwon mutum goma ba, balle hayaƙin itace.

Duk wanda ya san gini zai karanta tarihin aljihun Baba Malam a jikin bangonsa. Ga bulon farko, bugun hannu, yashi ya fi siminti yawa. Ga ɗakin da ya tayar da kuɗin adashi lokacin da ya ƙara aure, kwanonsa ya yi tsatsa. Ga na samari a bakin zaure. Ga shago mai ƙofar ƙarfe da ya fitar da kuɗin giratuti, wanda hayarsa ce ke riƙe gidan duk watan da fansho ya makara. Ainihin ginin gwamnati yana can tsakiya, sai an nuna maka za ka gane shi.

Shehu Shagari ya hau mulki a 1979 da alkawarin abinci da muhalli, tambarin jam'iyyarsa ta NPN ma gida ne da masara. Shirin shi ne a riƙa gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, jihohi 19 da Abuja, wato 40,000 ke nan a shekara. Kafin soja su kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983, abin da aka kammala bai kai ko kusa da abin da aka ƙudurta ba. 'Yan kwangila sun ci nasu, amma matsalar fili ma ta yi wa shirin illa sosai. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamnoni, da yawansu kuma 'yan adawa ne a zamanin Shagari. Wasu suka ƙi ba da fili, wasu suka bayar can cikin daji inda babu hanya, babu ruwa, babu wuta. Shi ya sa rukunoni da dama suka yi shekaru babu kowa, ɓarayi suna ɓalle ƙofofi da tagogi.

Duk da haka, a ganina akwai basira a cikin shirin da ba a cika yaba mata ba. Ƙananan gidajen an yi su ne a matsayin somin taɓi, aka bar fili a gefe don mai gida ya ƙara ɗaki in ya samu. Haka kuwa talaka ke gini tun fil azal: yau tushe, baɗi linta, wata shekarar rufi. Wannan ne ya raya unguwar, ba kyan zanen ba.

Abin da gwamnati ta bari ba ta waiwaya ba shi ne wanda mutum ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba. Famfunan da aka ja tun farko sun daɗe da ƙafewa. Da asuba ƙarar kurar 'yan ga-ruwa ce ke fara tashin mutane, suna layi a burtsatsen wani mai hali da ke sayar da ruwa. In taransifoma ta ƙone, karo-karo ake yi gida-gida. Da damina kwatoci kan cushe, domin an yi su ne don ƙaramin rukuni, yanzu kuwa kowane gida ya zama uku ko huɗu, ga 'yan haya a ɗakunan baya. Ƙungiyar unguwa, wadda ke zama a ƙofar masallaci bayan La'asar, ita ce hukumar ruwa, ita ce ta wuta, ita ce ta tsaro.

'Yan hayar nan su ne suka fi ba ni tausayi. Akwai malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da ƙananan ma'aikatan sakatariya. Da yawansu ana cire musu kashi 2.5 cikin ɗari na albashi duk wata zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 a ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. A takarda tsarin yana da sauƙi: bashi a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har tsawon shekara 30. Amma banki yana son jingina mai cikakkiyar takardar mallaka da amincewar gwamna, neman wannan takarda kuwa kan ci kuɗi da shekaru. A unguwar nan kanta gidaje da yawa takardar rabo ta farko kawai ke gare su, tana wucewa daga hannu zuwa hannu da shaidar dillali. Sannan ga waɗanda ba za su kusanci bashi mai ruwa ba ko da an kai musu har gida, saboda tsoron riba. Mai adaidaita sahu da tela da mai kanti kuwa, su da ba su da takardar albashi, da wuya ma su ji labarin asusun.

Alkawari dai bai taɓa yankewa ba. Manufar gidaje ta 1991 ta ce kowa zai samu muhalli kafin shekarar 2000. A Kano an gina biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo tsakanin 2011 da 2015, gidaje masu kyau, amma da yawa sun daɗe a rufe domin farashinsu ba na malamin makaranta ba ne. A farkon 2024 Shugaba Tinubu ya aza harsashin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja, ƙarƙashin ministan gidaje na lokacin, Ahmed Musa Ɗangiwa. Gida mai ɗaki ɗaya a rukunonin da gwamnati ta sa wa rangwame ya kama daga naira miliyan 8 a lokacin. Mai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, ko bai ci bai sha ba, sai ya haura shekara tara kafin ya tara wannan kuɗi. Ba na zargin niyyar masu shirin, amma duk lissafin da ya fara da gamammen gida da makulli, ya riga ya fitar da yawancin mutanen da ake cewa don su ake yi.

Bayan layin ƙarshe na kwatas, inda gonakin geron suke a da, nan 'ya'yan unguwar ke zuwa neman mafita. Filayen awon igiya ne: mai gona ya kira mai awo da dillali, a yanka fegi-fegi, a matse hanya don a ƙara samun na sayarwa. Babu wurin makaranta, babu magudanar ruwa, wani lungun ko motar ɗaukar mara lafiya ba za ta shiga ba. Nan ya kamata hukuma ta riga mutane isa. Kuɗin da za a kashe a gina 'yan ɗaruruwan gidaje zai iya shata dubban fulotai, a fitar da titi da kwata, a ja ruwa, a ba kowa takardarsa a farashin da zai iya, a bar shi ya gina da kansa yadda ubansa ya yi.

Babban ɗan Baba Malam, wanda shi ma koyarwa yake yi, yana da fegi a can. Duk watan da albashi ya yi saura yakan sayi buhun siminti biyu ko uku, ranar Asabar ya tsaya a kan birkila da kansa don kada a yi masa ha'inci wajen kwaɓi. Tun da siminti ya yi tashin gwauron zabi a 2024 ginin ya tsaya a linta. Takardar filin nasa rubutun hannu ce, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu, babu bankin da zai karɓe ta jingina, kuma kullum yana cikin fargabar ranar da masu rusau za su zo su shafa wa bangon jan fenti. Kuɗin asusun gidaje kuwa har watan jiya an cire masa.