Hoton Biki da Suna: Haske da Amana

 Ni dai sana'ata ɗaukar hoto a gidajen biki da suna, can ciki inda maza ba sa shiga. Ƙorafin da na fi ji shi ne: "Na ci kwalliya, amma hoton ya fito da duhu, ko kyamarar ce?" Uwargida, sau da yawa ba laifin kyamara ba ne, haske ne ba a lura da shi ba.

Kalmar da Turawa ke kiran hoto da ita daga harshen Girkawa ta samo asali, ma'anarta zane da haske. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wani Bafaranshe mai suna Niépce ne ya ɗauke shi ta tagar gidansa wajen shekarar 1826, kuma sai da na'urarsa ta yi awoyi tana shan hasken rana. Yau ƙiftawar ido ta isa, amma har gobe in babu haske babu hoto.

To, ga abin lura na farko. In a ɗaki za a ɗauke ki, kada ki juya wa taga ko ƙofa baya. Kyamara za ta auna hasken da ke bayanki, ta bar fuskarki cikin duhu. Ki fuskanci tagar, mai ɗauka ta tsaya gefenta. In ɓangare ɗaya na fuska ya yi inuwa, a sa yarinya ta riƙe farin zani ta wannan gefen, zai maido miki da haske.

Na biyu, lokaci. Rana tsaka ba ta yi wa fuska adalci: za ki runtse ido, inuwa ta sauka ƙarƙashin ido da hanci, ga gumi yana ɓata hoda. In a tsakar gida ne, a bari sai da hantsi ko bayan la'asar, ko a koma ƙarƙashin rumfa.

Na uku, filasha. Ta waya ba ta kai nisa, 'yan gaba su yi fari fat, 'yan baya su ɓace. Tana kuma sa fuskar da ta sha mai ƙyalli. Jariri ranar suna, gara a kai shi kusa da taga. Kafin komai, ki goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, domin hannun da ya taɓa miya shi ke sa hoto hazo.

Sai babbar magana, wato amana. A da, fim ɗaya hoto 36 yake ci, a wanke, a kawo miki a hannu. Yanzu hoto kan bar gida ta WhatsApp kafin a sauke tukunya, kuma in ya fita ba ya dawowa. Wata baƙuwar ta cire mayafi ne don ta san tana cikin mata. Saboda haka, kafin a fara, ki yi magana da mai hoto: wa za a ɗauka, wa zai karɓa, yaushe za ta goge na wurinta. Wadda ta ce ba ta so, a ƙyale ta ba tare da gori ba. Ni kaina ba na ɗaga kyamara sai na ce, "Hajiya, in ɗauka?"

Allah ya raya mana zuri'a, ya rufa mana asiri. Sai wani makon, in Allah ya kai mu.