Agashe: Tsiren Hausawa a Bakin Larabawan Sudan

1.0 Gabatarwa

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Khartum ran 15 ga Afrilun 2023, duk wanda ya bi titin Sittin da ke gefen unguwar Aljirif ta Yamma, ko ya ratsa kasuwannin Omdurman bayan magariba, ba zai rasa jin ƙamshin wani gasasshen nama ba, wanda mutanen ƙasar ke kira agashe. Nama ne da ake yankawa fale-fale, a turbuɗa shi cikin dakakkiyar gyaɗa da kayan yaji, a tsire a tsinke, a jera kewaye da garwashi. Bakano ko Bakatsine na ganinsa zai ce tsire ne, kuma bai yi kuskure ba. Wannan takarda za ta nuna cewa sunan ma Hausa ne, sa'an nan ta bayyana yadda ya je can, da yadda aka gina shi a nahawu, da yadda ake yin naman a gida. Daga ƙarshe za a kwatanta shi da wani gashi na Sinawa, domin a ga yadda harsuna ke raɗa wa abinci suna.

2.0 Zuwan Hausawa Sudan

Hanyar aikin hajji ce ta fara kai Hausawa Sudan. Alhazan ƙasa sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur, su yi shekaru suna noma ko ƙodago don neman guzuri, kafin su isa Sawakin su ƙetare Bahar Maliya. Da yawansu a nan suka yada zango har abada. Babbar ƙaura kuwa ta biyo bayan cin Sakkwato da Turawan Ingila suka yi a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya nufi gabas da jama'arsa, aka kashe shi a Burmi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin da ake kira Mai Wurno har yau. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin audugar Jazira suka jawo ƙarin dubban leburori daga Yammacin Afirka. Daga nan zuriyarsu ta bazu zuwa Gadarif da Kasala da Wad Madani da babban birnin ƙasar.

Mutanen Sudan sukan haɗa Hausawa da Fulani da Barebari su kira su duka Fallata ko Takari. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya nuna, a littafinsa na 1999, yadda Hausar waɗannan mutane ta yi ta aron kalmomi daga Larabci. Kalmar agashe kuwa akasin haka ta yi: Larabci ne ya ara daga Hausa, ta hannun mahauta da masu tukuba.

3.0 Ginin Kalmar

Saiwar kalmar ita ce gas-, wadda ta ba da aikatau gasàa, ɗan aji na ɗaya a rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960. Ɗalibi zai tambaya: ina aka samo sh alhali s ce a saiwa? Amsar ita ce ganɗantawa. A Hausa, idan wasalin i ko e ya biyo bayan s, t, d ko z a wajen ƙirar kalma, sai baƙin ya koma na ganɗa:

s > sh: fasa, fashe
t > c: sata, sace
d > j: gudu, guje
z > j: ciza, cije

Ta haka gasa ta haifi gashi, da gashe, da gasasshe. A lura cewa jam'in gasasshe shi ne gasassu, inda s ta dawo domin wasalin u ba ya ganɗantawa.

Ana iya fassara agashe ta hanya biyu, kuma karin sauti ne ke raba su. Ta farko ita ce à gàshe, wato harafin a tare da bayanau na yanayi, kamar a dafe, a soye, a zaune. Ma'anarsa halin da naman ke ciki: an riga an gasa shi. Ta biyu ita ce à gashèe, wato wakilin suna na boye-mai-aiki tare da aikatau ɗan aji na huɗu, kamar a cinye, a ƙone. Wannan umurni ne: a gasa shi sarai. Kowace aka ɗauka, kalmomi biyu ne na Hausa Balarabe ya ji, ya manne su suka zama suna guda, har yana sa masa al- ya ce al-agashe. Irin haka ta faru da Hausa ita ma, sa'ad da ta aro alƙali da albasa da alƙalami ta haɗiye al- ɗin Larabci cikin jikin kalma.

Akwai darasi kuma a rubutun. Mutanen Sudan da harafin ƙaf suke rubuta g ɗin agashe, domin a bakinsu ƙaf g ce, su rufe kalmar da harafin ya tunda Larabci ba shi da alamar e. Saboda haka Balaraben wata ƙasa zai karanta aƙashi, asalin ya ƙara ɓoyuwa. A ajamin Hausa kuwa da angai ake rubuta g. Haka kuma ya kamata mai koyo ya bambanta gashìi na wuta, da gaashìi na kai mai dogon wasali, da gàa shi na nuni, domin rubutun boko na yau da kullum bai raba biyun farko ba.

4.0 Yadda Ake Yin Agashe a Gida

Ga abin da ake bukata: kilo ɗaya na tsokar sa ko ta rago maras jijiya, kofi biyu na dakakken ƙuli-ƙuli, busasshiyar citta, masoro, kanumfari kaɗan, barkono, gishiri, man gyaɗa, da tsinke kamar ashirin. A Sudan har da kaza da kifi ake yi. Ɗalibi ya kula da aikatan da ke biye, domin duk umurni ne irin na fassara ta biyu.

A jiƙa tsinkayen a ruwa rabin sa'a don kada su kama wuta. A yanka naman fale-fale, kaurinsa kada ya wuce rabin santimita. A daka kayan yajin, a tankaɗe, a gauraya da ƙulin da gishiri. A tsire naman a baje, a shafa masa mai, a turbuɗa cikin garin, a danna da tafin hannu har ya kama ko'ina. A rufe a ajiye wuri mai sanyi kamar sa'a guda. A hura gawayi, a jira harshen wuta ya mutu, farar toka ta rufe garwashi. Sa'an nan a kafa tsinkayen cikin rairayi ko toka kewaye da wutar, tazarar taƙi guda, ana juyawa ana yayyafa mai, minti 15 zuwa 20. Wanda ba shi da gawayi ya jera su kan waya a tanderun zamani mai zafin digiri 200, ya juya sau ɗaya. Ana ci da albasa da lemon tsami da yaji, a Sudan kuma da burodi.

Kowane mataki da dalilinsa. Ana amfani da ƙuli ne domin an riga an matse mansa. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai mai, wadda mutanen Sudan ke kira dakwa, narkewa take yi ta ɗiga cikin wuta ta ta da hayaƙi. Garin ƙulin shi ke tsotse romon da naman ke fitarwa, ya zama ɓawon da ke hana shi bushewa. Ana kafa tsinke a gefen wuta, ba a bisanta ba, domin gyaɗa ta fi nama saurin ƙonewa, in ta ƙone kuwa ɗaci take yi. Launin ƙasa-ƙasa da ƙamshin gashi suna samuwa ne idan zafi ya kai wajen digiri 140, inda sinadaran gina jiki ke haɗuwa da sukarin da ke cikin abincin. Masanin Faransa Louis-Camille Maillard ne ya bayyana wannan a 1912.

5.0 Kwatanci da Gashin Sinawa

A lardin Guangdong da Hong Kong, a kudancin ƙasar Sin, akwai sanannen gashi da ake kira ca siu. Da naman alade ake yinsa, wanda haramun ne ga Musulmi, don haka dabarar da sunan kawai suka shafe mu. Ana yanka naman dogo-dogo, a jiƙa shi ya kwana cikin ruwan waken suya da zuma ko maɗin hatsi da haɗin kayan ƙamshi biyar, a soke shi da dogon ƙarfe mai yatsu, a rataye cikin tanderu. Aikin da ƙuli ke yi wa agashe shi zuma ke yi a nan: tana lulluɓe naman, kuma ita ma saurin ƙonewa gare ta, shi ya sa ake barin shafin ƙarshe sai an kusa saukewa. Wannan haɗi yana karɓar cinyar kaza in mutum na son gwadawa.

Ca na nufin ƙarfen sokewa, siu kuma gasawa. Wato Sinawa sun haɗa abin da Hausa ta raba. Tsire ya samo suna daga tsirewa a tsinke, agashe kuma daga gashin. A kudancin Nijeriya suya ake ce wa wannan nama, a Kamaru soya, duka daga aikatau soya, ko da yake ba a soya shi a mai. Ke nan abinci guda ya fita ƙasar Hausa ta hanyoyi dabam-dabam, kowace ƙasa ta riƙe kalmar da ta fi ji a bakin mai sayarwa.

6.0 Kammalawa

Karɓuwar da agashe ya samu a Sudan ta fi ta masu shi sauƙi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki wanda shi ko kakanninsa ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897 a matsayin ɗan asali, don haka waɗanda suka zo bayan Burmi suka makara da 'yan shekaru. An sassauta dokar daga baya, amma tambayar asali ba ta mutu ba: a watan Yulin 2022 rikici kan ƙasa da sarauta tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka fiye da 100. A nan ne nazarin aron kalmomi ke da amfani fiye da cin jarrabawa. Kalma ba ta shiga wani harshe har ta ɗauki al- sai an daɗe ana zama tare, ana ciniki, ana cin abinci wuri guda. Ɗalibin da ya iya warware agashe zuwa a da gas- da -e ya riƙe hujja kan daɗewar Hausawa a bakin Nilu.

Aikin ɗalibi: ka kawo bayanau na yanayi daga dafa, yanka, daka, toya da kwasa, ka nuna wanda aka yi ganɗantawa a cikinsa, ka sa kowanne cikin jimla.