Makin SAT ko sakamakon aji: dalilin da ya sa manyan jami'o'in Amurka suka koma gidan jiya

A shekarar 2020, da annobar korona ta sa aka rufe cibiyoyin jarrabawa, jami'o'in Amurka da dama suka daina tilasta wa mai neman gurbin karatu ya kawo makin SAT ko ACT, jarrabawowin share fage masu kama da JAMB a Najeriya. Wanda ya ga dama ya kawo, wanda bai so ba a dogara da sakamakonsa na sakandare. Kwalejin Bowdoin ta fara haka tun 1969, amma korona ce ta mai da abin ruwan dare. Jami'ar Kalifoniya ma daina kallon makin ta yi gaba ɗaya.

Da ma an daɗe ana kukan cewa makin yana bin aljihun uba. Binciken cibiyar Opportunity Insights da ke Harvard ya nuna cewa damar 'ya'yan manyan attajirai ta cin maki 1300 ko fiye a SAT ta ninka ta 'ya'yan talakawa sau 13. Mai hali zai ɗaukar wa ɗansa malamin gida, ya kuma biya masa ya yi ta sake zaman jarrabawar har ta yi kyau. Sakamakon aji kuwa gumin shekara huɗu ne: zuwa makaranta kullum, aikin gida, juriya. Wani nazari kan ɗaliban Chicago da aka wallafa a 2020 ya gano cewa sakamakon aji ya fi makin ACT nuna wanda zai kammala digiri.

Duk da haka jami'ar MIT ta dawo da sharaɗin jarrabawa a 2022, sannan Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Wani ɓangare na dalilin shi ne makin aji ya yi araha. Hukumar ACT ta ce matsakaicinsa ya tashi daga 3.17 a 2010 zuwa 3.36 a 2021, bisa ma'aunin 4. Idan dubban masu nema duk sun zo da A, da me jami'in tantancewa zai bambanta su?

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da Dartmouth ta gano a takardunta. Yaro daga gidan talaka zai ci 1400 cikin 1600, ya dubi makin waɗanda jami'ar ta saba ɗauka ya ga sun fi nasa, sai ya ɓoye. Alhali da ya nuna, jami'ar za ta dubi makarantar da ya fito, inda da wuya wani ya taɓa kaiwa nan, ta gane cewa haziƙi ne. An so a share masa hawaye, sai aka raba shi da babbar shaidarsa. Kuma da zarar maki ya kau, nauyi sai ya koma kan rubutun bayanin kai da wasiƙun malamai da ayyukan bayan aji, inda ɗan mai kuɗi ya fi samun mai gyara masa da mai tsaya masa.

Mafi yawan jami'o'in ƙasar har yanzu ba su tilasta jarrabawar, kuma ina ganin hakan daidai ne gare su, tunda suna ɗaukar akasarin masu nema. Inda mutum ashirin ke takarar kujera ɗaya kuwa, adalci shi ne a karɓi makin, a auna shi da halin da ɗalibi ya taso a ciki.

Ɗalibinmu na Kano ko Zinder da ke neman ɗaya daga cikin waɗannan jami'o'i ya sani cewa mai duba takardunsa da wuya ya san makarantarsa. Ya daure ya zauna SAT, idan makin ya yi kyau ya tura shi.