Bargon Hoover Da Tutar Hoover: Yadda Talakawan Amurka Suka Yi Wa Talauci Ba'a

Ran Talata, 29 ga watan Oktoba, 1929, kasuwar hannun jari ta birnin Niyok ta rushe, dukiyar mutane ta narke a yini guda. Wannan shi ne mafarin abin da masana tarihi ke kira Babbar Karayar Arziki. Kafin ƙarshen 1933 bankuna wajen 9,000 sun rufe a ƙasar Amurka, kuma ma'aikaci ɗaya cikin kowane huɗu ba shi da aikin yi. Wahalar ta game duniya, gama har a Nijeriya ta Arewa kuɗin gyaɗa ya faɗi a Kano, aka kuma sallami leburori masu yawa daga haƙar kuza a Jos.

Littattafai cike suke da lissafin wannan masifa. Amma mai son sanin yadda talakan Amurka ya kwana ya tashi a lokacin, sai ya duba irin ba'ar da ya riƙa yi wa halin da ya shiga, da wanda ya ɗora wa laifi.

Wanda tsautsayin ya faɗa wa shi ne Shugaba Herbert Hoover. Injiniya ne, ya kuwa yi suna a Yaƙin Duniya na Farko saboda kai abinci ga mutanen Beljiyam. A cikin 1928, yana neman zaɓe, ya ce Amurka ta kusa gamawa da talauci fiye da kowace ƙasa a tarihi. Ya ci jihohi 40 daga cikin 48. Bai cika wata takwas a kan mulki ba kasuwa ta rushe.

Daga nan sai talakawa suka shiga raɗa wa kowane irin rashi sunansa. Waɗanda aka kora daga gidajen haya suka kafa bukkokin kwali da tsohon kwano a gefen birane, aka sa wa irin wannan zango suna Unguwar Hoover. Akwai guda a tsakiyar lambun shaƙatawa na Niyok, daura da benayen attajirai. Ta birnin Siyatil kuwa shekara goma ta yi, daga 1931 zuwa 1941, har da wanda mazaunanta ke kira magajin gari.

Tsohuwar jaridar da mai kwana a waje ke lulluɓa da ita saboda sanyi, ita ce bargon Hoover. Aljihun da aka zazzago waje ba ko anini, shi ne tutar Hoover. Kwalin da ake cusawa cikin takalmin da ya huje, fatar Hoover ke nan. In kuwa mai mota ya kasa sayen fetur, ya ɗaura mata doki yana ja, to, ya hau amalanken Hoover. Mutanen Kanada su ma ba su bar nasu ba, irin wannan mota sai suka ba ta sunan Firayim Ministansu, Bennett.

Wani abin da jaridu suka yi ta bugawa shi ne cinikin tuffa. A ƙarshen 1930 kaya ya yi wa fataken tuffa yawa, sai suka riƙa bai wa marasa aiki bashin akwati guda, su sayar a bakin titi santi 5 kowace ɗaya. A Niyok kaɗai masu wannan talla sun kai wajen 6,000, cikinsu har da tsofaffin akawuna sanye da kwat da lakataya. Bayan shekaru, da Hoover ya rubuta tarihin rayuwarsa, cewa ya yi da yawa daga cikinsu barin aikinsu suka yi don cinikin tuffa ya fi riba. Wannan magana ita kanta ta zama abin dariya.

Sarkin masu barkwanci na zamanin shi ne Will Rogers, mutumin Jihar Okalahoma, wanda ya faro da wasan igiya irin na makiyayan shanu. Kullum yakan rubuta 'yan layuka kaɗan a kan labarin ranar, ɗaruruwan jaridu su buga. Yakan ce shi bai san kome ba sai abin da ya karanta a jarida. A watan Oktoba na 1931 ya yi magana a rediyo cikin shiri ɗaya da Shugaba Hoover, inda ya ce ga alkama, ga masara, ga auduga jibge, amma mutane na kwana da yunwa. Ya ƙara da cewa Amurka ce ƙasa ta farko a tarihi da za ta tafi gidan gajiyayyu a cikin mota.

Dariyar ta tsaya ran 28 ga watan Yuli, 1932. Tsofaffin sojoji dubbai sun yi zango a Washinton suna neman a biya su ladan da aka yi musu alkawari, sai aka tura soja a ƙarƙashin Janar MacArthur, suka kore su, aka ƙone bukkokinsu. Da aka yi zaɓe a watan Nuwamba, jihohi 6 kacal Hoover ya samu, Franklin Roosevelt ya kwashe sauran 42.

Gaskiya ita ce ba Hoover kaɗai ya jawo karayar ba, ba kuma naɗe hannu ya yi ba, domin a 1932 ya kafa hukumar bai wa bankuna da kamfanonin jirgin ƙasa rance. Abin da ya kayar da shi shi ne yawan gaya wa mayunwata cewa al'amura na gyaruwa, alhali ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Har babbar madatsar ruwan Kogin Kolorado da aka fara ginawa a zamaninsa sai da aka cire mata sunansa a 1933, ba a mayar ba sai 1947.

Saboda haka duk ma'aikacin da ke rubuta wa hukuma rahoto, ya kamata bayan lissafin ofis ya kasa kunne ga sunayen da ake raɗawa a kasuwa da tasha. Sau da yawa nan ne labari ke fara fitowa.