Yadda 'yan firamare ke haɗa motocin tsere a Birtaniya

A Birtaniya, yara 'yan shekara 9 zuwa 11 ne ke haɗa motar da za su yi tsere da ita a gasar Formula Goblin, wadda ƙungiyar Greenpower ke shiryawa.

Makaranta kan sayo sassan ƙaramar motar mai aiki da batir, ɗalibai su ɗaure ta da sifana, sannan su ƙera mata jiki, wasu da kwali ko robobin da aka yar.

Ranar gasa, ƙungiyoyi na fafatawa a gudun miƙaƙƙiyar hanya, da kauce wa shingaye, da zagaye fili.

Manufar ita ce cusa wa yara maza da mata sha'awar aikin injiniya, a ƙasar da ke kukan ƙarancin injiniyoyi. Bayan gasar, akan kwance motar domin 'yan baya su sake haɗa ta.